Tambayi Malam: Fitar Da 'Yan Firamare Bakin Kogi Don Darasin Labarin Ƙasa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kai yaran firamare bakin kogi su ga abinda ake koya musu a aji da idonsu, shi yasa na haɗa su wuri guda. Wasu na rage musu tsawo amma ban taɓa maganar kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ni malama ce ina koyar da 'yan aji biyar, wannan zangon muna darasin koguna ne toh sai hedimasta yace in shirya musu eskoshan zuwa bakin kogi, ni kuma gaskiya ban taɓa yi ba, tsorona shine muje mu tsaya muna kallon ruwa a ɗauki hotuna mu dawo ba abinda suka ƙaru dashi. Sannan akwai babban kogi mai gada amma da nisa, akwai kuma wani ɗan rafi kusa damu wanda ruwansa ko gwiwa baya kaiwa, wanne yafi? Dan Allah a taimaka min da abinda zan sa su yi in munje. Daga malamar aji biyar.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ki ɗauki ɗan rafin nan kawai, kada ma ki tsaya dogon tunani. Babban kogi yana da kyau a ido amma yaro ba abinda zai iya yi dashi sai leƙe daga kan gada, ba zai auna faɗinsa ba, ba zai ga ƙasansa ba, ko dutse ɗaya ba zai taɓa daga cikinsa ba, ga haɗari ga nisa, rabin yinin ma a mota zai ƙare. Shi kuwa ƙaramin rafi duk aikin da babban kogi yake yi shima yana yi, yana cin gaɓa, yana kwasar yashi ya zube shi a wani wurin, yana lanƙwasa, sai dai nasa idon ɗan shekara goma zai iya kama shi gaba ɗaya a tsayuwa ɗaya, kuma abinda muke so kenan.

Kafin ranar ki je da ƙafarki ki duba wurin, kwana biyu ko uku kafin tafiyar, wannan kam ba a aikawa. Ki nemi wurin da rafin ya miƙe sak kamar mita 10, ki nemi kuma inda yasha kwana sosai, in kin samu guda biyun kusa da juna toh kin gama samun ajinki. Ki duba inda gaɓar take shimfiɗe da yara za su tsaya, ki duba inuwa, ki duba ko waya tana samun sabis a wurin, sannan ki tambayi mutanen da suke zaune ko aiki a gefen ruwan, su ne suka san inda yake da gurbi da lokacin da yake tasowa, abinda za su faɗa miki a minti biyar babu shi a littafi.

A aji kuma, ana gobe tafiya, ki ba su tambayoyi kaɗan, uku sun isa. A ina ruwan yafi gudu, tsakiya ko gefe? A kwana, wane ɓangare yafi zurfi? Duwatsun cikin ruwa da na kan tudu iri ɗaya ne? Kowane yaro ya rubuta hasashensa a littafi tun kafin ya gani. Wannan ɗan abun shine yake raba eskoshan na karatu da yawon shan iska, don yaron da ya rubuta cewa tsakiya tafi gudu zai je ne yana son ya san ko ya canka, ba sai kin roƙe shi ya natsu ba.

In kun isa ki raba su rukuni rukuni, biyar ko shida, kuma kowa da aikinsa a hannu, mai riƙe tef, mai agogo, mai rubutu, mai zane, mai sakin abu a ruwa. Yaron da ba a ba aiki ba shine zaki juyo ki gani yana neman gangarawa, ki tuna da wannan.

Ku fara da gudun ruwa don shi suka fi so. A auna mita 10 a gefen gaɓa, a kafa sanda a farko a kafa a ƙarshe. Wani ya jefa guntun ƙirare ko lemo a tsakiyar ruwan ɗan sama da sandar farko, da ya iso saitin sandar mai agogo ya danna, agogon cikin waya ya wadatar, da ya wuce sanda ta biyu a tsayar. A yi sau uku saboda wani lokacin abin yana maƙalewa a ciyawa ko iska ta tura shi. Misali aka samu daƙiƙa 18, da 20, da 22, a haɗa a raba uku an samu 20, kinga mita 10 a daƙiƙa 20 ya zama rabin mita kenan a kowace daƙiƙa. Sai a sake yi a gefe kusa da gaɓa, za su ga ya fi jinkiri, ki tambaye su dalili kafin ki faɗa, in kin yi haƙuri wani zai ce ai gogar ƙasa da ciyawa yake yi, toh ya faɗi amsar.

Daga nan sai faɗi da zurfi. A ja tef ko igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, babba ɗaya ya shiga da sanda mai alamar santimita yana tsomawa duk bayan rabin mita yana faɗa da ƙarfi yara suna rubutawa, 8, 15, 22, 30, 25 haka dai har ya tsallake. 'Yan aji biyar za su iya ƙarasa lissafin ma. In faɗin mita 3 ne, matsakaicin zurfin kuma santimita 20, an samu murabba'in mita 0.6, a ninka da gudun nan na rabin mita, ya ba da kubik mita 0.3, kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ne, wato lita 300 ke wucewa ta gabansu duk daƙiƙa ɗaya. Masu wannan aikin sukan rage kaɗan, su ninka da kamar 0.8, saboda ruwan sama sama yafi na ƙasa gudu, sai ya dawo wajen lita 240. Ki kalli fuskokinsu lokacin da suka gane ɗan rafin da suke rainawa ne yake tura wannan ruwan, a nan ne zaki iya gaya musu cewa kogin Amazon yana zuba sama da kubik mita 200,000 a teku duk daƙiƙa, sai adadin ya yi musu ma'ana don suna da abin gwadawa dashi.

Amma inda nafi so ki daɗe shine kwanar. Ki tsayar dasu ta ɓangaren ciki, inda yashi ya kwanta, don nan ne ƙasa take da ƙarfi kuma ruwan ba zurfi. Su kalli tsallake, za su ga gaɓar can a tsaye take kamar an datse ta da fartanya, ƙasanta ya rarake, jijiyoyin ciyawa da na bishiya suna reto a fili, wani wurin ma ga gundumen ƙasa da ya faɗa ruwa bai gama narkewa ba, ruwan wurin ya yi duhu yana juyawa. Sannan su kalli ƙarƙashin ƙafarsu, yashi mai laushi, tsakuwa ƙanana, ruwa garai garai yana tafiya a hankali. Can ana ci nan ana zubewa, darasin zaizaya da jibgewa kenan gaba ɗayansa, ba sai kin yi dogon bayani ba. Kada dai kowa ya hau waccan gaɓar ta waje, ta sama tana kama da ƙasa mai kyau alhali ƙasanta rami ne.

Sai duwatsu. Kowane rukuni ya tsinci guda goma daga bakin ruwa ba tare da zaɓe ba, su auna tsawonsu da rula, su jera su daga mai kaifi zuwa mai sulɓi, su kwatanta da wanda suka tsinto a kan tudu nesa da ruwa. Na ruwa ya mulmule saboda ya daɗe yana karo da 'yan uwansa. A ƙarshe ki cika robar ruwa mai haske da ruwan rafin haɗe da ɗan taɓo, ku tafi da ita aji, a girgiza a ajiye a taga, yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushin ya biyo baya cikin awanni, yumɓu kuma sai ya kwana ɗaya ko biyu ruwan bai gama washewa ba. Kar ki ce sai kin yi duk wannan, in awa biyu kawai gareki ki yi gudun ruwa da kwanar, sun isa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni uba ne, an aiko yarona ɗan aji huɗu da takarda wai in sa hannu za a kai su bakin kogi, ni wallahi hankalina bai kwanta ba, yaron bai iya ruwa ba kuma yana da rawar kai, mahaifiyarsa ma cewa tayi kar in sa. Amma tun jiya yake kuka wai duk 'yan ajinsu za su je. Ya kake ganin zan yi? Daga wani uba.

AMSA: Wa'alaikas salam Yallaɓai. Tsoronka yana kan hanya kuma ba wanda zai ga laifin maman yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan shekara 5 zuwa 14. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don wannan matsalar kaɗai. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Duk da haka ni ba zan ce ka yaga takardar ba, zan ce ka riƙe ta a hannu ka taka har makarantar ka zauna da malamin da zai jagoranci tafiyar. Ka tambaye shi takamaimai wane wuri ne, kuma shi ya je ya gani da idonsa? In yace wani ne ya bashi labari toh a nan ma ka samu amsarka. Ka tambayi zurfin ruwan da kuma ko yara za su shiga ciki ko a gaɓa za su tsaya. Ka tambayi manya nawa za su bi yara nawa, ni a ganina a bakin ruwa babba ɗaya kada ya wuce yara biyar ko shida, kuma ya san sunayensu, sannan a samu mutum ɗaya wanda ba ruwansa da koyarwa ko ɗaukar hoto, aikinsa kawai ya tsaya ta ƙasan inda ruwa ke gangarawa yana ƙirga kawuna, da usur a wuya da igiya ko doguwar sanda a hannu. Dalilin wannan mutumin shine yaro in yana nutsewa yawanci baya ihu baya fantsama ruwa yadda mutane suke zato, numfashi yake nema, bashi da na kira, shiru abin yake faruwa kuma cikin ƙasa da minti ɗaya zai iya ɓacewa. A kuma gaya wa yara tun daga aji, in wani ya faɗa ba mai binsa, a yi ihu a kira babba, a miƙa sanda ko a jefa igiya.

Ka tambayi maganar ruwan sama kuma. Mutane da yawa suna duba sararin saman inda suke ne kawai, alhali ruwan da aka yi can sama da nisa shi yake gangarowa, sai kaga rana tana haskawa amma rafi ya taso cikin 'yan mintoci. Alamarsa ruwan ya fara canza launi ya yi ja, ya fara kawo kara da ganyaye, ƙararsa ta ƙaru, da an ga haka kowa ya hau tudu ba jira. In akwai dam a sama dole a san lokacin da suke sakin ruwa. Kada kuma a ce ai ba zurfi, kubik mita ɗaya na ruwa nauyinsa kilo 1,000 ne, hukumar hasashen yanayi ta Amurka ma tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu wanda bai wuce santimita 15 ba zai iya kayar da babban mutum, balle ɗan aji huɗu. Malami nagari zai gaya maka kai tsaye cewa in aka yi ruwa mai ƙarfi ana gobe za a ɗage tafiyar.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shine tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar tana fitowa ne daga wasu ƙananan katantanwa na ruwan daɗi, musamman inda ruwa ke kwance ko tafiya a hankali da ciyawa, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. A yankin da aka san akwai ta, kuma ma'aikatan lafiya na kusa za su faɗa in an tambaye su, yara kada su taɓa ruwan sam, babba mai dogon takalmin roba da safar hannu ya yi aikin ciki su kuma suna gaɓa suna rubutu da riƙe agogo, kusan duk darasin ana iya yinsa a haka. Ko ina ne kuma ba shan ruwan kogi, a rufe duk wani ciwo da filasta, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta kafin a kai wani abu baki.

In ka samu amsoshi masu gamsarwa ka sa hannu, in hali ya yi ma ka ce zaka bi su, makarantu suna neman iyayen da za su taimaka da tsaro. In kuma ka ga ana ta kame kame to ka hana, ka kuma faɗa wa hedimasta dalilinka don sauran yaran. Ka sani dai yaro mai rawar kai wata rana zai je bakin ruwa ko da kai ko ba kai, gara zuwansa na farko ya zama tare da wanda zai nuna masa gaɓar da ke zaftarewa da alamar tasowar ruwa. Kuma dan Allah a nema masa inda zai koyi iyo a hannun wanda ya iya koyarwa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni 'yar aji shida ce da wayar mamana na rubuto. Munje kogi da makarantarmu sai naga yana ta lanƙwasa, me yasa baya tafiya a miƙe ai zai fi saurin zuwa? Kuma an daɗe ba a yi ruwan sama ba amma da ruwa a ciki, daga ina yake zuwa?

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi miki albarka, ki gaida Mama. Tambayoyinki biyun nan manyan masana ma sun daɗe suna nazari a kansu.

Kin taɓa lura in mota ta sha kwana jikinki yana karkata ta waje? Ruwa ma haka yake. Ko da kogi ya fara a miƙe, wani ɗan abu zai sa ya ɗan kauce, dutse ne ko bishiyar da ta faɗi ko wurin da ƙasa tafi taushi. Da ya kauce sai ƙarfin ruwan ya koma bugun gaɓar waje yana cinta, a ɓangaren ciki kuma ruwan ya rage gudu ya kasa ɗaukar yashin da ya ɗauko sai ya ajiye shi. Shekara da shekaru waje yana ciyuwa ciki yana cikowa, kwanar tana ƙara faɗi, ruwan da ya fito daga ita kuma ya je ya bugi ɗaya gaɓar a gaba ya fara wata kwanar. Wannan yafi faruwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda gangaren ba yawa. Wani lokacin kwanar tana lanƙwashewa har bakinta biyu su kusa haɗuwa, ranar da aka yi ambaliya sai ruwan ya fasa ɗan siririn wuyan da ya rage ya wuce kai tsaye, yashi ya toshe tsohuwar hanyar, ta zama wani tafki mai lanƙwasa a gefe. In Mama ta yarda ku buɗe taswirar tauraron ɗan adam a waya ku duba koguna na yankin Amazon ko Misisifi na Amurka, zaki ga irin waɗannan tafkunan birjik a gefensu.

Ta biyun kuma, ruwan saman da ya sauka ba duka yake gudu zuwa kogi a ranar ba. Da yawa yana nutsewa ƙasa ya cika 'yan ramukan da ke tsakanin yashi da tsagar duwatsu, ruwan rijiya ma shine. Daga can yake tsattsafowa a hankali ta gefe da ƙasan kogi har watanni bayan an ɗauke ruwa. Sannan wani kogin daga nesa yake tahowa da ruwansa. Kogin Nilu yana ratsa Masar inda da ƙyar ake ruwan sama, amma mafi yawan ruwan da yake isa can daga tsaunukan Habasha yake fitowa, sauran daga yankin tafkin Biktoriya, rassan biyu suna haɗuwa a Khartum. Wasu kogunan kuma ƙanƙarar kan duwatsu ce take narkewa tana ciyar dasu. In kun sake zuwa ki duba gindin gaɓa ko zaki ga wurin da ƙasa take jiƙe ruwa yana tsattsafowa, ki nuna wa malamarku.

TAMBAYA: Malam mu fa kogin da ke kusa da makarantarmu a ƙafe yake yanzu, yashi ne zalla, kuma ba mu da halin ɗaukar mota zuwa wani wuri. Mu haƙura sai damina? Daga wani malami.

AMSA: A'a Malam, kada ku haƙura, ƙafaffen kogi yana nuna abubuwan da ruwa yake ɓoyewa. Yara za su taka har tsakiyarsa su auna faɗi da zurfin kwarin da hannunsu, su ga 'yan tuddan da ruwa ya zana a kan yashi, su ga inda manyan duwatsu suka tsaya da inda laka ta bushe ta tsattsage. Ka sa su nemi alamar iyakar ambaliyar bara, yawanci kara da leda da ciyawa ne suke maƙale a rassan bishiya ko jikin gaɓa, a auna tsayin daga ƙasa, in ya fi tsawon yaron kansa ba zai manta ba. Ka sa su gano ta ina ruwan yake gangarawa ba tare da ka faɗa musu ba, ciyawar da ta kwanta da tarkacen da ya taru a bayan duwatsu za su nuna musu. In an yi ɗan tono a inda yashin yafi ƙasa sau da yawa ana tarar da danshi ko ma ruwa, amma ramin kada ya wuce tsawon hannu, kuma a nisanci ramukan masu ɗiban yashi da gindin gaɓa mai tsayi don suna ruftawa. In hadari ya haɗu ko da can nesa ne ku fita daga kwarin.

Ko a filin makaranta ma, a tara yashi a yi masa gangare, a riƙa zuba ruwa a hankali daga sama da buta, cikin minti goma za su ga hanya ta fashe, gefe yana zaftarewa, a ƙasa kuma yashin ya bazu ruwan ya rarrabu, yadda Nilu yake yi kafin ya shiga Bahar Rum. Ka adana awon da kuka yi yanzu, in ruwa ya dawo ya lafa ku koma daidai wurin ku kwatanta.

TAMBAYA: Malam raba mana gardama, a ofishin malamai wani abokin aikinmu ya dage wai duk koguna daga arewa suke gangarowa kudu kuma duk a teku suke ƙarewa, har ya faɗa wa yara haka kafin mu tafi eskoshan. Gaskiya ne? Daga wasu malamai biyu.

AMSA: Ba haka bane, kuma inaga taswirar da ake ratayewa a bango ce take jawo wannan, tunda arewa tana sama sai ido ya ɗauka ruwa daga can yake zubowa. Kogi ba ruwansa da arewa ko kudu, gangare kawai yake bi daga tudu zuwa kwari. Nilu mai tsawon kusan kilomita 6,650 daga kudu yake tafiya arewa. Manyan kogunan Saiberiya irin su Ob da Yenisei da Lena duk arewa suka nufa. Amazon daga yamma yake tafiya gabas. Kogin Neja ma, wanda ake kira Kwara, ya isa misali shi kaɗai, yana tasowa a tsaunukan Gini, tazarar da ba ta wuce kamar kilomita 240 ba daga tekun Atlantika, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi arewa maso gabas cikin Mali har kusa da Tumbuktu, sannan ya karyo kudu maso gabas ya ratsa Nijar da Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180 kafin ya shiga tekun da ya baro a bayansa.

Maganar teku ita ma ba duka ba. Okabango yana tasowa daga Angola ya ƙare a cikin ƙasar Botswana, ya bazu a yankin Kalahari ƙasa ta sha wani rana ta ɗauke wani. Shari a tafkin Chadi yake ƙarewa, kuma shine yake kawo mafi yawan ruwan tafkin. Bolga, wanda yafi kowane kogi tsawo a Turai, a Kasfiyan yake zuba, wani ƙaton tafki wanda ƙasa ta kewaye shi ta ko ina.

Ku gyara wa yaran amma cikin mutunci, ku bar shi abokin aikin naku ya yi gyaran da bakinsa. Ku sauke taswirar daga bango ku shimfiɗa ta a ƙasa, a juya samanta ya kalli arewa ta gaskiya, yara su kewaye ta kowa ya bi kogi ɗaya da yatsa daga mafarinsa zuwa ƙarshensa ya faɗi inda ya nufa. In kuna da kamfas, akwai shi a yawancin wayoyi, ku duba naku rafin ma ina ya dosa ku rubuta a allo.

Wasiƙar da ta yi tambaya a kan yadda ake ba yara maki bayan irin wannan fitar tana nan, ita za mu fara da ita a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.